Takarda za ta iya auna damuwar mai ciki da mai jego?

Maman Khalifa: Jiya a wurin awo an jero mini tambayoyi goma, wai ko ina kuka, ko ina dariya kamar da. Ni dai na ce ɓata lokaci ne. Bahaushiya ko numfashi take da ƙyar, ka ce ya jiki, "da sauƙi" za ta ce. Ta ina takarda za ta ga zuciya?

Sista Ungozoma: Ai saboda "da sauƙin" nan aka tsara su haka, 'yar uwa. Ma'aunin Edinbara ake kiran tambayoyin nan, na gano ciwon damuwa ne, tun 1987 aka fito da shi a Sikotilan. Ba ruwansa da ya jiki. Cewa yake: cikin kwana bakwan nan, kin riƙa ɗora wa kanki laifi ba dalili? Baƙin ciki ya hana ki barci? Kowace amsa maki 0 zuwa 3 ce, jimla 30. Idan maki ya hau, wurin likita za a tura ki ya duba.

Hajiya Yakasai: Yaran zamani ke nan. Mu goyon ciki muke tafiya gida, ga wankan jego, ga kunun kanwa, kwana arba'in uwa na kanki. Wannan ciwon waɗanda ba su da dangi ne.

Bilki Kurna: Allah ya ƙara girma, Hajiya, amma ni a ɗakin mahaifiyata na yi arba'in. Ranar suna, gida cike, ni ina banɗaki ina kuka. Aka ce shafar aljanu ce, aka yi ta hayaƙi wata huɗu.

Sista Ungozoma: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu tasowa kusan mace ɗaya cikin biyar ke shiga irin wannan bayan haihuwa. Kukan kwanakin farko yakan wuce cikin mako biyu. Wanda ya zarce shi muke nema.

Maman Khalifa: Na ji. Amma uwar mijina na zaune gefena aka tambaye ni ta goman, wai ko na taɓa tunanin cutar da kaina. Wa za ta ce e a nan?

Sista Ungozoma: Nan kam kin kama mu. Awo mai zuwa ki ce a sake, daga ke sai ma'aikaciya.

Hajiya Yakasai: Ke Bilki, me ya hana ki gaya wa uwarki?

Bilki Kurna: Haihuwar fari ce fa, Hajiya. Ko sunan yaron ba na iya faɗa a gabanta.