Soja zai bar aiki a Amurka, matarsa na da juna biyu: wace inshora za ta riƙe su?

Uwar Biyu:
Assalamu alaikum. Ƙanena soja ne a Amurka, wa'adinsa zai cika nan da wata biyu kuma ba zai sabunta ba. Matarsa na da ciki wata biyar, suna da yaro ɗaya. An ce TRICARE, wato inshorar lafiyar sojoji da iyalansu, na tsayawa ranar da ya tuɓe kaki. To me zai riƙe su kafin inshorar sabon aiki ta fara? Wasu sun ce akwai wata shida kyauta.

Malam Garba:
Wa'alaikumus salam Hajiya. Wata shidan nan shi ne TAMP, shirin riƙon ƙwarya bayan barin aiki, kwana 180 na TRICARE ba tare da biyan kuɗin shiga ba, amma ba kowa ke samu ba. Ana bai wa wanda aka sallama ba da son ransa ba kuma takardarsa na da tsabta, da 'yan National Guard ko Reserve, wato sojojin ko-ta-kwana, da aka kira aiki sama da kwana 30 a jere kan wani aiki na musamman, da wanda ya amince zai wuce kai tsaye cikin Selected Reserve, wani rukuni na sojojin ko-ta-kwana. Wanda wa'adinsa ya cika ya tafi don kansa yawanci ba ya ciki. Kada ya dogara da jita-jita, ya je ofishin ma'aikata su duba masa DEERS, rumbun bayanan da ke nuna wanda ya cancanci TRICARE. In ya samu, sai sun sake rajistar Prime ko Select, wato tsare-tsaren TRICARE, don ta da ba ta biyo su.

In bai samu ba, akwai CHCBP, inshorar wucin gadi ta waɗanda suka rasa TRICARE, wanda kamfanin Humana Military ke gudanarwa. Sayen sa ake yi. Yana riƙe tsohon soja da iyalinsa har wata 18. A cike fom DD 2837, a haɗa da kwafin takardar sallama DD 214 da kuɗin wata uku na farko, a aika cikin kwana 60 daga ranar da TRICARE ta yanke. Ranar na wucewa ƙofa ta rufe. Amfaninsa ga matar ƙanenki: yana fara aiki daga washegarin yankewar TRICARE ko da an makara da aika fom, kuma ciki ba ya hana karɓa.

Binta ta Texas:
Malam ya yi daidai, sai dai a lissafa kuɗin tun yanzu. A 2025 na iyali ya haura dala 4,000 duk wata uku, a dunƙule ake biya, ban da abin da za a cire daga aljihu a asibiti, don tsarinsa irin na TRICARE Select ne. Babu haƙori a ciki. Sannan asibitin barikin da take awo ba zai ci gaba da ganinta ba sai na gaggawa, don haka ta nemi likitan haihuwa na gari da ke karɓar TRICARE tun kafin ranar, ta karɓi kwafin katin awonta da sakamakon hoton ciki ta kai masa. Likitoci da dama ba sa son karɓar mai cikin da ya tsufa ba takardu.

Ni shawarata Yaya, su fara leƙa HealthCare.gov, shafin gwamnati na sayen inshorar lafiya, ko kasuwar inshorar jiharsu. Rasa TRICARE na ba su damar shiga cikin kwana 60 kafin ranar da kwana 60 bayanta. Da yake albashin soja zai tsaya, mai yiwuwa su sami rangwame, ko matar ta shiga Medicaid na masu ciki, wato inshorar gwamnati ta masu ƙaramin ƙarfi, yaron ya shiga CHIP, inshorar gwamnati ta yara, gwargwadon kuɗin shigarsu da dokar jihar. Abin lura, inshorar kasuwa na farawa ne ranar ɗaya ga watan da ya biyo bayan zaɓe. In TRICARE ta yanke 10 ga wata, kwanakin da suka rage a buɗe suke, kuma naƙuda ba ta duba kalanda.

Malam Garba:
Ƙari kaɗan. In yana hutun ƙarshe kafin ranar sallama, har yanzu soja ne, TRICARE na aiki. Ranar da ke kan DD 214 ake ƙirgawa, ba ranar da ya kwashe kaya ba. Sabon wurin aiki kan iya sa shi jiran har kwana 90 kafin inshora ta fara, ya tambaya a rubuce. Kuma wanda ya ɗauki CHCBP ya daina biya tsakar shekara, ba a ɗaukar wannan a matsayin rasa inshora. Zai iya jira har 1 ga Nuwamba kafin a buɗe rajistar kasuwa. Asibitin VA na tsofaffin sojoji kuwa shi kaɗai zai gani, ban da mata da yara.

Uwar Biyu:
Na gode, Allah Ya saka da alheri. Zan ce masa gobe ya fara da DEERS, ita kuma ta karɓo takardun awonta.