Wane ne Albukerk, kuma me ya haɗa shi da masoro?

Mai Kayan Yaji:
Salamu alaikum. Jiya da dare ina ƙulla masoro da kanumfari a leda, ɗana da ke lise yana gefe yana haddar darasin tarihi. Sai ya ɗago ya ce, "Baba, ka san saboda abin nan na hannunka wani gwamnan Fotugal ya ci garuruwa da yaƙi?" Wai Afonso de Albuquerque (Albukerk). Shekara ashirin ina wannan sana'a a babbar kasuwar Maraɗi, ban taɓa jin sunan ba. Malamai, da gaske ne?

Mushen Tarihi:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Yaron bai yi ƙarya ba. Shi ne gwamnan Fotugal a Indiya daga 1509 zuwa 1515, zamanin Sarki Manuwel na 1. Dabararsa kuwa kai za ka fi ni gane ta: wanda ya tsare Ɗan Isa da Jibiya, ai ba sai ya bi shago-shago ba, kaya ne za su zo su same shi. Haka ya yi da mashigun teku da jiragen yaji ke bi. Ya ci Gowa da ke gaɓar Indiya a 1510, Malaka da ke Maleshiya ta yau a 1511, ya kammala da Hormuz da ke bakin Tekun Fasha a 1515. Adan ta ƙasar Yaman ce ta gagare shi a 1513, tsanukan da suka jingina da ganuwa suka karye da sojojin a kai.

Yaya Babba:
Mushe, rabi ka faɗa. A Maskat ta ƙasar Oman, 1507, ya ƙone garin, ya sa aka yanke wa fursunoni hanci da kunnuwa. Da ya sake kama Gowa a Nuwamban 1510 kuma, Musulmin garin aka yi wa kisan gilla. A gaya wa yara wannan ma, kada su tashi suna ce masa gwarzo.

Mushen Tarihi:
Haka ne, Yaya, ban musa ba. Shi ma bai ƙare da daɗi ba. Ganimar Malaka ta nutse da jirginsa kusa da tsibirin Sumatara, da ƙyar ya tsira. Magabta suka kai sukarsa fada, sarki ya naɗa abokin gabarsa Lopo Soares a gurbinsa. A jirgi labarin ya iske shi, ba shi da lafiya, ya mutu a bakin Gowa ranar 16 ga Disamba 1515.

Mai Kayan Yaji:
Ikon Allah. To ita dukiyar an tsamo ta?

Mushen Tarihi:
Har yau ba a gano jirgin ba, Alhaji. Ka ce wa yaron ya riƙe 1511, tana yawan fitowa a jarrabawa.