Takardun iyaka ga mai bin ayarin motocin kwana

Baban Yara: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina shirin bin ayarin motocin kwana, irin masu gado da kicin a ciki, daga Amurka zuwa Meziko. Masu shirya tafiyar sun ce akwai madugu da zai ja gaba. To shi zai yi mana takardun iyaka, ko kowa tasa ta fisshe shi?

Tsohon Direba: Wa alaikumus salam, Alhaji. Madugu zai nuna maka tagar da za ka tsaya, ya duba maka fom, ya yi maka tafinta in ta kama. Amma sa hannun naka ne, kuma sunanka ne zai shiga kwamfutarsu. Abu uku za ka riƙe: katin baƙo na FMM, wanda ba ya wuce kwana 180, izinin shigar da mota na wucin gadi daga Banjercito, bankin sojojin ƙasar, sai inshorar kamfanin Meziko, don ta Amurka ba ta fitar da kai idan ka buge wani a can.

Maman Biyu: Bari in ƙara kan maganar Malam. Tun kana gida ka jera fasfo da takardar mallakar mota da katin banki, ka tabbatar sunan iri ɗaya ne. Idan da sauran bashin banki a kan motar, karɓo wasiƙar amincewarsu kafin ka tashi. Sannan ka je jikin motar da kanka ka karanta lambar shasi, haruffa da lambobi 17, ka gwada da ta takarda ɗaya bayan ɗaya. Harafi guda ya kauce, mota goma sha za su yini a rana suna jiranka, kuma ba wanda zai yi maka fara'a a zango.

Baban Yara: Na gode Hajiya. Ƙaramar motar da nake ja a baya fa?

Tsohon Direba: Izininta daban. Na motar kwana shekara 10 yake yi. Na ƙaramar kuwa yana ƙarewa tare da katin baƙonka, kuma za ka ajiye jingina, dala 200 zuwa 400 gwargwadon shekarar ƙirarta. Sai ka fito da ita kan lokaci su mayar maka.

Mai Taswira: Tambayi madugun hanyar da za ku bi tukuna. Idan yankin Baja Kalifoniya na Meziko kaɗai za ku zaga, ba a neman izinin mota sam. Amma ranar da za ku hau jirgin ruwa daga La Paz zuwa Mazatlan, wato ku bar Baja ku shiga sauran ƙasar, sai da shi. Ni dai tunda izinin motar kwana na shekara 10 ne, a yi shi a bar shi kawai.

Maman Biyu: A'a ɗan'uwa, nan ban bi ka ba. A bar shi in za a koma da motar, wannan daidai ne. Amma mai niyyar sayarwa ya tsaya a ofishin Banjercito na bakin iyaka ya soke shi, ya adana rasit. In ba haka ba kwamfuta na ganin motar tana cikin ƙasar har yanzu, wanda ya saya ba zai samu sabon izini ba. Kuma ba kowace mashiga ce ke da ofishin sokewa ba, don haka ka ji ta bakin madugu ta inda za ku fito. Ayari ya watse, kai za a nema.

Mai Taswira: Na karɓi gyara, Hajiya.

Ɗan Auta: Iyayena, ina biye da ku. Na ji ana maganar Carnet de Passages, littafin kwastan na shiga da mota wata ƙasa na wucin gadi, ita ma dole ce?

Tsohon Direba: Ba a Meziko ba, yaro. Sai irin su Iran da Pakistan da Indiya. Ƙungiyoyin masu motoci da ke ƙarƙashin manyan ƙungiyoyin duniya, FIA da AIT, ke bayar da ita, shekara ɗaya take yi, kuma jinginarta na da nauyi. Kowane shafi kashi uku ne: kwastan su yage ɗaya a shiga, ɗaya a fita, guntun da ya rage a littafin ya sha hatimi biyu. Hatimin fita ya ɓace, karɓo kuɗinka ya zama aiki.

Mai Taswira: Masu tsallakawa Maroko daga Algeciras ta Sifen zuwa tashar Tanger Med ma ba sa buƙatarta. Wata 6 ake ba motar. Su dai duba koren katin inshorarsu, in an ja layi a kan MA, alamar Maroko, sai su sayi wata inshorar a tashar jirgin.

Ɗan Auta: Lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa fa?

Maman Biyu: Iri biyu aka fi amfani da su: na yarjejeniyar Geneva ta 1949, shekara ɗaya, da na Vienna ta 1968, har shekara 3. Bincika wanda ƙasar ke karɓa, kuma ka haɗa shi da lasisinka na asali, shi kaɗai ba ya aiki. In na Turai ne lasisin, rukunin B tan 3.5 ne iyakarsa. Motar da ta ɗara haka, har zuwa tan 7.5, sai rukunin C1.

Baban Yara: Allah Ya saka da alheri. Takardar motar da sunan maiɗakina take, ashe.

Tsohon Direba: To ita za ta tsaya a tagar Banjercito da fasfonta. In kuma kai za ka karɓa, riƙe takardar shaidar aurenku, ta asali da kwafi.