Me katanga ta rage wa kifi, alhali ruwansa na nan?

Ummu Khalil:
Assalamu alaikum. Ranar Asabar maigidana ya kai mu kogin Elwha, nan jihar Washington a Amurka. Mun tsaya daidai inda madatsar Glines Canyon take a da, na leƙa kwazazzabon ƙafafuna na rawa, ruwa can ƙasa sai ruri yake. Tsayinta mita 64, an gina ta a 1927, aka gama rushe ta a 2014 domin kifi ya samu hanya. Tun daga ranar abin ya tsaya min a rai. Kifin turawut da ke sama da madatsar ai yana da ruwansa da abincinsa. To me ya rasa?

Malam Sani:
Wa'alaikumussalam 'yar uwa. Dangi ya rasa, da mafaka. Turawut kifin ruwan sanyi ne, a cikin tsakuwar ƙananan ƙoramu yake zuba ƙwai, idan ruwa ya ɗumama kuma sai ya nemi inda ya fi sanyi. Da an datse kogi, kowane gungu ya zama a killace, auren zumunci kawai ake yi, iri yana raunana. Ranar da fari ko gobarar daji ta ƙarar da na ƙorama ɗaya, babu baƙon da zai hauro ya sake raya ta. Ba sai ƙatuwar madatsa ba ma, kwalbatin da bakinsa ya rataye sama da ruwa ya isa.

Ummu Khalil:
Allah sarki! Malam, bayan rushewar sun farfaɗo kuwa?

Malam Sani:
Sun farfaɗo, har abin ya taɓa ni. Akwai wata madatsar a can ƙasan kogin, ta 1913, ita ma an rushe ta; ko tsanin kifi, wato matakalar ruwa da kifi ke bi ya haura madatsa, ba a yi mata ba. Kusan shekara ɗari jikokin turawut ɗin da ke zuwa teku a da na tsare a sama, amma da hanya ta buɗe sai wasu suka gangara teku, suka dawo manya kamar kakanninsu. Sai dai ba kowace katanga ake rushewa ba. A wasu ƙoramun yammacin Amurka da gangan ake barinta, don kada baƙon turawut da aka shigo da shi ya hauro ya mamaye na asali.

Ɗan Haɗeja:
Mu ba mu da wannan kifi, amma ciwon mun san shi. Mahaifina masunci ne. Har ya rasu yana cewa tun da aka datse Tiga a 1974 ambaliyar da tarwaɗa ke bi ta hayayyafa a fadama ba ta sake cika kamar da ba. Komarsa tana nan rataye a zaure.