Shin Dole Ne A Canza Filtar Mai Duk Lokacin Da Aka Yi Juye?

Maman Amira, Samaru:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina da Toyota Corolla ƙirar 2005 wadda nake zuwa aiki da ita daga Samaru zuwa Kongo, sai kuma kai yara makaranta, kuma ba kasafai nake fita da ita wajen Zariya ba. Bakanikena yana cewa duk juyen baƙin mai sai an sa sabuwar filta, amma wani maƙwabcinmu ya ce ɓarnar kuɗi ce, filta ɗaya tana kai juye biyu. Ina roƙon masana su fayyace mini wanne ne daidai, da kuma tazarar da ta kamata a bari tsakanin juye da juye.

Tsohon Bakanike, Sabon Gari:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Maganar bakanikenki ita ce abar bi. A cikin filta akwai takarda mai ninki-ninki wadda take tare garin ƙarfe da dauɗar ƙonewar fetur kafin mai ya isa jikin injin. Idan takardar ta toshe, mai ba ya tsayawa, domin akwai wata 'yar ƙofa da take buɗewa ta bar shi ya wuce ba tare da tacewa ba, don kada injin ya bushe. Matsalar ke nan: motar za ta ci gaba da tafiya lafiya lau, fitilar mai ba za ta kama ba, alhali dauɗa tana zagayawa tana cin injin a hankali. Bayan haka, tsohuwar filta tana riƙe da ragowar tsohon mai, wanda zai gauraye da sabon da kika saya da tsada da zarar an tayar da mota. Kuɗin filta kuwa bai kai na galan ɗin mai ba, balle na sauke inji.

Direban Kano, Kwangila:
Baba, Allah ya ƙara girma, amma maƙwabcin Hajiya bai ƙirƙiri maganarsa ba. Littattafan wasu motocin Honda sun yarda a canza filta sau ɗaya cikin juye biyu idan motar tana aiki a yanayi mai sauƙi. Mu da muke kan doguwar hanya kullum, injin yana ɗaukar zafi sosai, mai ba ya saurin lalacewa.

Malamin Kanikanci, Tudun Wada:
Malam direba ya faɗi gaskiya, sai dai sharaɗin da ya ambata shi ne ya fitar da Hajiya daga wannan sassauci. Masu ƙera motoci suna ware abin da suke kira yanayi mai tsanani, wato yawan ƙura, gajerun tafiye-tafiye da daɗewa a cunkoso injin yana aiki, kuma a irinsa suna rage tazarar juye. Wanda ya san ƙurar hunturu a Zariya, da yadda ake tafiyar hawainiya a unguwar PZ da yamma, ya san a wane rukuni muke. Gajeruwar tafiya ta fi cutar da mai, saboda injin bai yi zafin da zai kori danshi da ɗigon fetur da suke taruwa a cikinsa ba.

Shawarata, Hajiya, idan man gama-gari kike zubawa, wato wanda ba sintetik ba, ki yi juye tare da sabuwar filta duk kilomita 5,000 ko wata shida, duk wanda ya riga zuwa. A motar da ba ta tafiya da nisa kamar taki, watannin ne za su riga cika. Ki kuma duba agogon da yake ƙirga nisan tafiyar motar, domin waɗanda aka shigo da su daga Amurka mil suke ƙirgawa, kuma mil 5,000 ya kai kimanin kilomita 8,000. Mutane da yawa suna zarce lokacin juye ta wannan hanya ba su sani ba. Filtar iska ma a riƙa duba ta, tunda ta nan ƙura take shiga inji tun farko.

Maman Amira, Samaru:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Mil motata take ƙirgawa kuwa. To yaya zan gane filta mai kyau a kasuwa?

Tsohon Bakanike, Sabon Gari:
Kwali ba hujja ba ne, Hajiya, jabu ma tambarin Toyota yake ɗauke da shi. Ki saya a shagon da aka sani, ki bayar da ƙirar motar da shekararta, ki kuma guji wadda arharta ta yi yawa ko wadda kika ji ba ta da nauyi a hannu. Ranar juye ki tsaya ki ga an ciro tsohuwar da idonki, a tabbatar robar bakinta ba ta manne a jikin injin ba, domin roba biyu a haɗe suna sa mai ya tsiyaye a kan hanya. A shafa wa sabuwar robar ɗan mai, a ɗaure filtar da hannu, sannan a tayar da mota na 'yan mintuna a leƙa ƙasa ko akwai yoyo kafin ki bar garejin.