Ruwa ya ci mana dabbobi a fadamar Argungu, ta ina ake neman tallafin gwamnati?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema a madadin mahaifina. Daren Laraba gulbin Rima ya cika ya tumbatsa, ya shigo mashekarinmu. Manyan shanun sun yi iyo sun haye tudu, amma maruƙa biyar da ke ɗaure a dangwali ba su tsira ba, da tumaki tara, da saniya guda mai ciki. Da gari ya waye Baba ya tsaya riƙe da igiyar dangwalin, ya kasa cewa uffan. Wallahi ban taɓa ganinsa haka ba.

A ambaliyar 2020 an zo an rubuta sunaye, maƙwabtanmu manoman shinkafa suka samu iri da taki, mu kuwa shiru. Yanzu wani ya zo da fom, wai a ba shi dubu biyar ya shigar da mu. Mu biya?

Dattijo daga Suru: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah Ya mayar da alheri. Ɗana, kada ku ba shi ko sisi, ba a sayen sunan wanda ruwa ya yi wa ɓarna. Ka kama hannun babanka ku je wurin Arɗo, ku wuce gun hakimi tare. Gona tana nan inda take, kowa ya zo zai gan ta a kwance cikin ruwa. Saniya kuwa ruwa ya tafi da ita, wa zai shaida in ba shugabanninku ba? Abin da ke sa a tsallake makiyayi ke nan.

Ma'aikaciyar ƙaramar hukuma: Ƙanena, jerin sunaye daga ƙasa yake tashi. Ƙaramar hukuma ke tattarawa ta miƙa wa SEMA, hukumar ba da agajin gaggawa ta jiha, a Birnin Kebbi, NEMA, takwararta ta tarayya, kuma da su take aiki. Ku rubuta takarda: ranar da abin ya faru, irin dabba, shekarunta, shaidar da ke kunnenta. A ɗauki hoton duk mushen da aka gano kafin a binne. Malamin dabbobi ya sa hannu, ku riƙe kwafi. Sai dai in gaya maka gaskiya, abin da aka fi rabawa shi ne abinci, tabarmi, barguna da kwanon rufi. Kada Baba ya sa rai za a biya shi kuɗin saniya cif.

Ɗalibi a Aliero: A Amurka ma'aikatar noma tana da shirin da ke biyan makiyayi kashi 75 cikin ɗari na farashin kasuwa idan bala'in yanayi ya kashe masa dabba, amma sai ya nuna lissafin garkensa a rubuce. Mu ma tun 2024 muna da ma'aikatar bunƙasa kiwo ta tarayya. Ku sa reshen Miyetti Allah na yankinku ya haɗa asarar rugage duka a takarda guda, ta fi nauyi. Nan gaba kuma ku tambayi inshorar dabbobi ta NAIC, hukumar inshorar aikin gona ta ƙasa.

Malamin dabbobi: Ni waɗanda suka rage nake ji. Ku fitar da su daga fadama yau ɗin nan. Ruwan da ya kwanta yana tara dodon koɗi, shi ke kawo ciwon hanta, laka kuma na ruɓar da kofato. A ba su maganin tsutsar hanta, a yi rigakafin ciwon huhu da harbin daji. Mushen a binne shi da zurfi, nesa da rijiya, kada kowa ya feɗe.

Mai tambaya: Na gode, Allah Ya saka. Na karanta wa Baba duka. Mai fom ya dawo da la'asar, mun sallame shi. An gano maruƙa uku a bakin gulbi, na ɗauki hotonsu. Gobe da sassafe za mu je gidan Arɗo. Malam, wata karsana ta fara ɗingishi da ƙafar baya tun jiya, me zan wanke mata da shi kafin malamin dabbobinmu ya iso?