Ƙananan dabbobin tafki a matsayin abincin 'ya'yan kifin ado

Ɗan Gulbi: Assalamu alaikum. Ina kiwon kifin ado a bahon siminti a nan Maradi, galibi gofi (ƙaramin kifin da ake kira guppy) da jan kifi (goldfish), kuma matsalata ita ce 'ya'yan jan kifin suna mutuwa da yawa a makon farko bayan ƙyanƙyashewa, domin garin abincin da nake ba su ya fi ƙarfin bakinsu, ƙwan artemiya (wata ƙaramar dabbar ruwan gishiri da ake ciyar da 'ya'yan kifi da ita) da ake shigowa da shi daga waje kuma ya yi tsada. Shin zan iya ɗebo ruwan Tafkin Madarunfa ko na kududdufan damina in zuba musu, tunda an ce cike yake da zuplankton, wato ƙananan dabbobin da suke shawagi a cikin ruwa?

Malamar Kimiyya: Wa alaikumus salam, Malam. Abincin yana cikin ruwan, amma ba iri ɗaya ba ne, kuma ba kowanne ne zai amfane ka ba. Akwai rotifa, irin su Brachionus, waɗanda yawancinsu ba su kai rabin milimita ba. Su ne suka dace da ɗan kifin da ya gama shanye gwaiduwar cikinsa kwana biyu zuwa uku bayan ƙyanƙyashewa. Akwai Moina da Daphnia, ƙananan dabbobin ruwa da suka fi rotifa girma, waɗanda ake ba shi idan ya ɗan tasa, kuma a zafinmu na Afrilu da Mayu, lokacin da ake wuce digiri 40, Moina ce ta fi juriya, don tana rayuwa ko a ruwan da iskar oksijin ta yi ƙaranci. Rukuni na uku, wato kofefoda irin su Cyclops, shi ne abin tsoro, domin manyansu suna cin rotifa, suna kuma far wa 'ya'yan kifi masu kwana kaɗan.

Tsohon Ma'aikacin Lafiya: Malama ta yi gaskiya, kuma Cyclops ɗin nan tsohon sani ne a wajenmu, don shi ne yake ɗauke da tsutsar kurkunu a ruwan sha. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa Nijar ta rabu da cutar a 2013, amma dabbar tana nan a tafkunanmu.

Mai Baho Huɗu: Ɗan'uwa, ni ban goyi bayan zuba ruwan tafki kai tsaye ba ko kaɗan, saboda tare da abincin za ka kwaso tsutsar mazari da ƙwarin da suke maƙale wa jikin kifi, irin su Argulus. Abin da nake yi shi ne in kankaro busasshen laka daga gindin kududdufi da rani, domin ƙwan Moina da na rotifa suna kwance a ciki suna jiran ruwa. Sai in zuba shi a wani baho dabam, da ruwan rijiya ko na famfo da ya kwana, in sa ɗan busasshen kashin kaji a ƙulle cikin tsumma, in bar shi a wurin da rana take taɓawa da safe kawai har ruwan ya yi kore. Idan Moina da rotifa sun ƙyanƙyashe sun yawaita, sai in tace da ƙyalle mai laushi, in ɗauraye, in duba a cikin kofin gilashi kafin in ba kifi. Duk wanda na ga yana da siffar ɗigon ruwa, yana zabura gaba, da jakar ƙwai biyu a gefen wutsiya, to Cyclops ne, kuma wannan tacin manyan gofi nake zuba wa, don su suna cinye shi.